Wai da gaske Malam Aminu Kano ya taɓa zama ɗan majalisa?

Ɗan_Kurna:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a teburin mai shayi. Ni na ce Malam Aminu Kano bai taɓa cin zaɓe ba har Allah ya karɓi abinsa, a adawa ya yi rayuwarsa kaf, shi ya sa ma ya tafi da mutuncinsa. Shi kuma ya dage wai Malam ya yi ɗan majalisar tarayya a Legas, har ma wai a ɓangaren gwamnati ya zauna. Mun yi da shi duk wanda aka kayar zai biya shayi da ƙwai na sati guda. Don Allah masana ku raba mu.

Bakatsine77:
Tafi ka fara tanadin kuɗin ƙwai, ɗan'uwa.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Abokinka ne da gaskiya, a duka biyun ma. Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a zaɓen tarayya na Disambar 1959, yana da shekara 39, ya zauna a majalisar wakilai ta Legas har zuwa zaɓen 1964. Amma ban ga laifinka ba, domin faɗuwarsa ta fi cinsa yawa. A 1954 Maitama Sule ya kayar da shi a zaɓen tarayya. A 1956 ya nemi majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. A 1964 kuma ƙanin wancan, Mahmud Ɗantata, ya karɓe kujerar Legas ɗin. Sai takarar shugaban ƙasa ta 1979 da ya zo na huɗu. Ka ga sau ɗaya tak akwati ya yi masa adalci, in ji magoya bayansa.

Batun zama a ɓangaren gwamnati kuwa ga yadda ta kasance. Majalisar na da kujeru 312. NPC ta Sardauna ta samu 134, Action Group ta Awolowo 73, NCNC ta Azikiwe da ƙawarta NEPU, jam'iyyar Malam, suka haɗa 89, takwas daga ciki na NEPU ne. Ba wadda ta samu rinjayen kafa gwamnati ita kaɗai, sai NPC da NCNC suka ƙulla haɗin gwiwa. To NEPU dama tana ɗaure a ƙugun NCNC, inda aka je da ita nan za ta. Haka Malam ya wayi gari yana zaune layi ɗaya da mutanen da ya shekara tara yana yaƙa da su, aka kuma ba shi mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, abin da 'yan jarida ke kira bulaliyar majalisa.

Ɗan_Kurna:
Innalillahi. Bulaliyar gwamnatin NPC? Malam ɗin? Allah ya gafarta malam, wannan ai ya fi asarar ƙwan ciwo.

Almajirin_Zaure:
Kafin a yi nisa, wannan yarjejeniyar taku ta shayi da ƙwai sunanta caca. Ku warware ta. In ka ga dama ka saya masa kyauta.

Mai_Shayin_Layi:
Malam bar su mana, kasuwa ce ta zo mana har gida.

Santsi_Har_Gobe:
Na ji daɗi da aka tono wannan maganar. Mu 'yan Santsi, ɓangaren da ya raba gari da Malam, da aka yi wa laƙabin marasa kunya a 1980 saboda mun ce kada PRP, jam'iyyar Malam ta lokacin, ta raɓi gwamnatin Shagari, ga shi ashe raɓar gwamnati tsohuwar ɗabi'a ce. Ina girmama Malam, a gidanmu hotonsa na rataye har yau, amma ba mala'ika ba ne. A daidai shekarun da yake zaune a Legas yana ƙirga ƙuri'un gwamnati, ana ɗaure 'yan NEPU a ƙauyuka ana yi musu bulala ta gaske, ba ta majalisa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Jikan_Nefu:
@Santsi_Har_Gobe, Baba ka taɓo inda yake yi min ƙaiƙayi, bari in faɗi abin da na ji da kunnena daga bakin kakana, Allah ya jiƙansa. Majemi ne, a wani ƙauye da ba sai na ambaci sunansa ba. Laifinsa kawai ya ba 'yan jam'iyya aron tabarmi da randar ruwa ranar da suka zo lacca. Kwana uku bayan nan aka aiko masa sammaci, wai ya zagi hakimi a kasuwa. Ya ce ranar ko kasuwar bai je ba, yana bakin rafi yana wankin fata. Alƙali bai tambaye shi komai ba sai sunansa da na ubansa, ya yanke masa wata shida. Da igiya aka ɗaure shi a ƙugu, ɗan doka na kan doki shi yana ƙasa, har gari. Tabon igiyar na nan a kwankwasonsa har ya tsufa, in muna yara yakan ɗaga riga ya nuna mana, ya ce ga katin jam'iyyata.

Abin da ya sa na kawo labarin: na taɓa tambayarsa, da na fara wayo, ko bai ji haushi ba Malam na Legas cikin fanka shi yana fasa dutse. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce ranar da labari ya iso cewa Malam ya ci, mutanen da ba su taɓa ɗaga ido sun kalli dagaci ba sai da suka yi guɗa a ƙofar gidansa. Ya ce su ba doka suka aike shi ya yi musu ba. So suke a san cewa ɗan talaka zai shiga ɗaki shi kaɗai, ya jefa takarda a akwatin tauraro, alamar NEPU, kuma a ƙirga ta.

Uwar_Biyu:
Allah ya jiƙan kakanka, wannan labarin ya sa ni hawaye. Amma a gyara min kalma ɗaya: ɗan talaka namiji. A 1959 matan Arewa ba su da ƙuri'a sam, alhali matan Kudu na jefawa. Kakata ta yi ta dafa wa 'yan lacca abinci, ta yi waƙa, ta yi guɗa, amma ba ta taɓa riƙe takardar zaɓen shugaban ƙasa ba sai 1979, lokacin har ta yi jikoki. Kuma cikin manyan 'yan siyasar Arewa na wancan zamani, Malam ne ya tsaya kai da fata a kan a ba mata ƙuri'a da ilimi. Su Hajiya Gambo Sawaba gidan yari suka yi ta shiga a kan haka. Ko a takarar 1983 da bai kai ba, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo. Yau shekara arba'in da ɗoriya, ku ƙirga min matan da ke majalisar dokokin jiharku.

Bakatsine77:
Hajiya kada ki ja mu can, za a kwana.

Uwar_Biyu:
A kwana mana. Ku kullum in an zo nan sai ku ce dare ya yi.

Lauyan_Kauye:
Ina ganin tambayar da ya kamata a yi wa @Santsi_Har_Gobe ita ce: me kujerar Legas za ta iya yi wa kakan @Jikan_Nefu? Amsar ita ce kusan babu. A tsarin mulkin wancan lokaci, duk abin da ke cizon talakan Arewa ba a hannun tarayya yake ba. Kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari, haraji, jangali, naɗin hakimi da dagaci, izinin yin taron siyasa, duka na En'e ne, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ita kuma En'e tana amsa wa gwamnatin Kaduna ne. Majalisar Legas tana maganar kwastan, jirgin ƙasa, gidan waya, soja, harkokin waje. Ko Malam ya kwana yana ihu a zauren, ba zai iya kwance igiya ɗaya daga ƙugun mutum ɗaya ba. Majalisar da ke da wuƙa da nama a kan En'e ita ce ta Kaduna, ita ce kuwa bai taɓa samun shiga ba. Sardauna da kansa bai bar Kaduna ya tafi Legas ba, mataimakinsa a jam'iyya ya tura ya zama firaminista. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda mulki yake.

Shi ya sa aikin da aka fi tunawa da shi na Malam a waɗannan shekaru na ƙetare ne. Yana cikin tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma halarci babban taron ciniki da raya ƙasashe da aka yi a Janiba a 1964. Wasu za su ce girmamawa ce, wasu za su ce hanya ce ta nisanta shi da Kano. Ni ina ganin duka biyun ne.

Santsi_Har_Gobe:
To ai ka ƙara min hujja, lauya. In kujerar ba ta kwance igiya, me ya kai shi karɓar bulala? Ya zauna a matsayin ɗan majalisa kawai mana, ko ya tsallaka wurin Awolowo.

Taɓo_Sai_Malam:
Ya tsallaka wurin Awolowo da kujeru takwas, ya rabu da NCNC da ke taimaka wa jam'iyyar da lauyoyi da motocin kamfe? Sannan a yi ta shela a kasuwannin Arewa cewa ya sayar da mu? Kai dai Baba Santsi ba ka canza ba. Kuma ka lura bai zama minista a gwamnatin ba. Mutumin da ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, aikin albashi da fansho a zamanin da masu ilimin boko a Arewa ba su da yawa, ya dawo Kano ba shi da komai, shi za ka ce kwaɗayin kujera ya ja? Ku da kuka bar shi yana tsufa kuka bi gwamnoni masu jiniya?

Santsi_Har_Gobe:
Gwamnonin da ka raina su ne suka soke haraji da jangali a 1979, Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Abin da Malam ya shekara talatin yana wa'azi a kai, su suka sa hannu. Balarabe har kujerarsa ya rasa a Yunin 1981 saboda ya ƙi durƙusa wa majalisar da NPN, jam'iyyar Shagari, ta mamaye. Ku kuma 'yan Taɓo da kuka tsaya tare da Malam, me kuka bari? Wata uku na Sabo Bakin Zuwo a kujerar gwamnan Kano?

Taɓo_Sai_Malam:
Da tutar wa suka ci zaɓen? Da makullin wa aka buɗe musu ƙofa? Rimi da ya koma NPP a 1983 ai mun ga yadda ta kaya.

Mai_Kula_da_Zaure:
Dattawa, a yi haƙuri. Rigimar Santsi da Taɓo ta girmi mafi yawan 'yan zauren nan, kuma yawancin manyanta sun riga mu gidan gaskiya. A koma kan tambayar Ɗan_Kurna. Wanda ya yi zagi zan goge.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin zancen da sha'awa domin kalmar Sawaba mu ma tamu ce. Jam'iyyar Djibo Bakary sunanta ke nan, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. 'Yan Sawaba da yawa da suka gudu Kano suka nufa, mutanen NEPU suka ba su masauki. Bambancin shi ne namu jagoran gudun hijira ya yi, daga baya kuma gidan kaso. Naku ko ba komai an bar shi ya shiga majalisa. Kada ku raina wannan.

Tsohon_Malamin_Tarihi:
Madalla da Ɗan_Maraɗi. Bari in ƙara a kan maganar lauya, don akwai wani abu mai ɗaure kai. Yawancin abin da NEPU ta nema ba ta hanyar majalisa ya zo ba, soja ne suka kawo shi. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin Gowon ta raba ƙasa jihohi 12 a Mayun 1967, Kano ta samu jiharta da Audu Bako. A shekarun da suka biyo baya aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Malam kuma yana cikin wannan gwamnati, kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wato shekarunsa a gwamnatin soja sun fi shekarunsa a majalisa yawa. Duk mai son ya ce Malam ɗan adawa ne tsantsa, sai ya san inda zai ajiye waɗannan shekaru bakwai.

Wani abin kuma da ɗalibaina kan yi mamaki: cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 babu sunan Malam, domin a lokacin yana ma'aikacin gwamnati.  Shugabancin jam'iyyar sai 1953 ya dawo hannun Malam. Shi kuwa firaministan da yake tara wa ƙuri'u a Legas, Tafawa Ɓalewa, tare suka koyar a Midil ta Bauci, tare da su Sa'adu Zungur ake zaman tattaunawa. Mutanen nan sun san juna tun kafin siyasa ta raba su.

Ɗan_Kurna:
Kaina ya ɗau zafi. Ni fa da na ɗauka labarin mai sauƙi ne: ga masu mulki can, ga Malam nan da farar riga da jar hula yana faɗa musu gaskiya.

'Yar_Gwammaja:
Farar rigar da jar hular gaskiya ne, Ɗan_Kurna, kada ka zubar da su. Mahaifiyata a unguwar ta tashi. Ta ce gidan Malam ba shi da shamaki, da asuba za ka tarar da mutane a ƙofa, wani an kwace masa gona, wata an kore ta da goyo, wani kuɗin mota kawai yake nema ya koma ƙauye. Da azumi kuma tafsiri yake yi, domin kafin boko ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙalin Kano. Mutumin da ya yi ɗan majalisa, ya yi kwamishinan tarayya har ma'aikatu biyu, a gidan nan na Gwammaja ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, a cikinsa aka binne shi. Gidan na nan, Mambayya, laƙabin mahaifiyarsa ne aka sa masa, Jami'ar Bayero ke kula da shi. Na kai yarana bara. Ƙaramin ya leƙa ɗakin kwanan ya juyo ya ce, Umma ina sauran gidan? Na ce shi ke nan. Ya ce a'a, ina nufin ɓangaren da yake zama in ya dawo daga Abuja. Sai da mai yi mana bayani ya yi dariya.

Sabon_Jini:
Ku yi haƙuri da ni, amma wannan yabon talauci ya ishe ni. Kullum Malam bai bar komai ba, Malam gida ɗaya. To sai me? Jihar da ta fi kowa bin sa har yau yara na bara a titi. Ni ɗan majalisar da zai kawo min asibiti da taransifoma nake so, ko da gidansa goma.

Lauyan_Kauye:
@Sabon_Jini, ka faɗi abin da mutane da yawa ke ji ba sa furtawa. Sai dai ka lura, kai ma ka mayar da ɗan majalisa ɗan kwangila. Aikinsa doka ne da sa ido a kan kasafi. Ranar da muka fara auna shi da yawan taransifoma da buhunan shinkafa, ranar muka ba shi lasisin gida goman.

Direban_Tifa:
Namu ɗan majalisar ko taransifomar ba mu gani ba. Sau uku ina zuwa gidansa a kan takardar ɗaukar ƙanina aiki, mai gadi ya ce Honarabul na Abuja. Na huɗun ina tsaye motarsa ta fito, gilashi a rufe, na ga hularsa ta cikin baƙin gilas. Da zaɓe ya matso shi da kansa ya zo ta'aziyyar maƙwabcinmu, ya zauna a tabarma har yana cewa shi ɗalibin Malam Aminu ne. Jar hula dai kowa na iya saye a kasuwa.

Jar_Hula_Zalla:
A yi hattara da batun jar hula, kada a fake da guzuma a harbi karsana.

Mai_Kula_da_Zaure:
Ba za mu shiga siyasar Kano ta yau a wannan zaren ba. Na faɗa sau ɗaya.

Bakatsine77:
Wani abu da ba a ambata ba. An ce Malam ya zo na huɗu a 1979 kamar abin kunya ne. Ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da ɗoriya ya samu, bayan hukumar zaɓe ta so hana shi takara a kan takardar haraji sai da kotu ta wanke shi. PRP ta ci gwamnoni biyu, sanatoci 7, 'yan majalisar wakilai 49. Kuma Kano ce ta hana Shagari kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'unta, wanda doka ta ce sai ya samu a kashi biyu bisa uku na jihohi, ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari, abin da ya jawo shari'ar nan ta jihohi sha biyu da biyu bisa uku har Kotun Ƙoli. Daga kujeru takwas zuwa 49 a shekara ashirin. Wanda ya ce zaman Legas bai koya masa komai ba, ya duba wannan.

Santsi_Har_Gobe:
Ko kuma ya duba cewa a 1979 babu ɗan doka a bakin rumfar zaɓe, kuma mata sun fito. Ba zaman Legas ya kawo 49 ɗin ba. Ni dai ina nan a kan bakana, karɓar bulalar nan kuskure ne. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya yafe mana.

Jikan_Nefu:
Amin. Kakana da yana raye da ya ce maka kuskuren da ya sa dagaci ya fara amsa sallamarsa, a ƙara masa irinsa. Amma shi bai san ma an ba Malam wata bulala ba, na tabbata. Labarin da ya iso ƙauyensu shi ne Malam ya ci, shi ke nan.

Uwar_Biyu:
Har yanzu ba wanda ya ƙirga min matan majalisar jiharsa.

Ɗan_Kurna:
Hajiya na duba tamu, na ji kunyar rubutawa. Jama'a na gode ƙwarai. Na tura wa abokin nawa zaren, ya karanta, yanzu kuma ya ɓullo da sabuwa: wai tunda Malam ya yi kwamishina a gwamnatin soja, sati biyu zan biya. Na ce masa Almajirin_Zaure ya riga ya haramta cinikin. @'Yar_Gwammaja, ana barin mutum ya shiga Mambayya haka kawai, ko sai da takarda daga jami'a? Ina Kurna shekara ashirin da shida, kullum ina wucewa ta gaban gidan a Adaidaita, ban taɓa sauka ba.

'Yar_Gwammaja:
Mu dai sallama muka yi a ƙofa aka haɗa mu da mai zagayawa da baƙi. Ka je ranar aiki da hantsi, ka tafi da abokin naka.

Mai_Shayin_Layi:
In kun dawo ku biyo ta wurina. Kuma kada a ce min an warware, na riga na sayo kiret biyu.